Tarihin Afiyus Makaho, wanda ya kai ruwa kasuwar Rum

Yau za mu leƙa birnin Rum na ƙasar Italiya, mu ji labarin Afiyus Kilawdiyus, mutumin da ake wa laƙabi da Makaho.

Bisa ga tarihin Rumawa, a shekara ta 509 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) suka kori sarkinsu na ƙarshe, Tarkin, suka kafa jamhuriya. Kowace shekara sai a zaɓi shugabanni biyu da ake kira kwansul, ga kuma majalisar dattawa. Amma mulki na hannun ƴaƴan manyan gidaje, talakawa na ta faman neman haƙƙinsu. Cikin irin waɗannan manyan gidaje aka haifi Afiyus, wajen shekara ta 340.

A 312 aka ba shi muƙamin mai ƙidayar jama'a. Mai wannan kujera shi ke rubuta mutane da dukiyarsu, shi ke tace sunayen ƴan majalisa, shi ke ba da kwangilar ayyukan gwamnati. Lokacin Rum na yaƙi da Samnawa, mutanen duwatsu na kudu, kuma kai sojoji da abinci fagen daga yana da wuya saboda fadamu. Sai Afiyus ya sa aka gina hanya daga Rum zuwa birnin Kafuwa, kusan kilomita 200. Don soja aka yi ta, amma fatake da amalanken hatsi da garken dabbobi su ma suka bi ta. Daga baya aka miƙa ta har Birindisi, tashar jiragen ruwa masu zuwa Girka.

Aiki na biyu shi ne ruwa, abokin aiki. Kafin shi, mutanen birnin daga kogin Tibar da rijiyoyi suke ɗiba. Ya haƙa magudana ta kimanin kilomita 16, kusan dukkanta a ƙarƙashin ƙasa, ta kawo ruwan marmaro har kusa da kasuwar shanu. Ita ce irinta ta farko a Rum.

Manya ba su ji daɗinsa ba. Sun zarge shi da kashe kuɗin baitulmali ba da izinin majalisa ba. Ya saka ƴaƴan ƴantattun bayi cikin ƴan majalisa, ya kuma rarraba marasa gona cikin dukan mazaɓu don ƙuri'arsu ta yi nauyi. Wa'adinsa wata 18 ne, amma da ya cika sai ya ƙi sauka, wannan kuwa tabo ne da marubuta tarihi ba su yafe masa ba. Ba a jima ba aka soke sunayen da ya saka, a 304 kuma aka warware batun mazaɓun.

Wani abu dai bai soku ba. Magatakardansa Filabiyus, ɗan ƴantaccen bawa, ya fito da ƙa'idojin shigar da ƙara da jerin ranakun zaman shari'a, waɗanda a da limaman addininsu kaɗai suka riƙe. Ya kafa jerin ranakun a dandalin gari, mai bin bashi da wanda aka cuta kowa ya san ranar da zai kai kuka.

Afiyus ya zama kwansul sau biyu, a 307 da 296. Da tsufa ya zo sai ya makance. A 280 sarki Firus ya ƙetaro daga Girka da giwaye, ya ci Rumawa da yaƙi a Herakiliya, sannan ya aiko da tayin sulhu. Dattawa sun kusa amincewa. Sai aka ɗauko tsohon makaho aka kawo shi zauren majalisa, ya yi masu faɗa, ya nemi kada a yi sulhu muddin baƙon soja na kan ƙasar Italiya. Suka bi maganarsa. A 275 Firus ya koma gida, daga baya kudancin Italiya ya shiga hannun Rum.

Dokokin da Afiyus ya yi, abokan hamayya sun goge su tun yana da rai, amma hanyar ba ta gogu ba. Har gobe da sunansa ake kiran ta, Via Appia, kuma a 2024 hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya. Allah ya ba mu shugabanni masu barin abin da jikoki za su taka.