Taƙaitaccen Tarihin Sinan, Sarkin Maginan Santambul

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Bayan haka, a wannan rana ta aza harsashin masallacinmu, mun ga ya dace mu kawo wa jama'a tarihin wani bawan Allah da ya ƙare rayuwarsa a kan ginin masallatai da kyautata zaman mutanen birni.

An haifi Sinan wajen shekarar 1490 a wani ƙauye kusa da birnin Kaisari, cikin ƙasar Turkiyya ta yau. Iyayensa Kirista ne. Yana saurayi aka ɗauke shi aikin sojan Daular Usmaniyya ta Turkawa, ya musulunta, ya koyi sassaƙa da awon gini. Ya bi rundunar Sarki Sulaimanu zuwa Balgared a 1521, da Bagadaza a 1534, duk inda aka sauka yana nazarin gine-ginen mutanen da. A yaƙin 1538 ya gina wa runduna kadarko a kan kogin Furut cikin kwana 13. Ba a daɗe ba aka naɗa shi Sarkin Magina, ya riƙe muƙamin kusan shekara 50, a zamanin sarakuna uku.

Tun da Sarki Muhammadu Alfatihu ya ci Santambul a 1453 ake ta kwararowa cikinta daga ko'ina, har ta shiga sahun manyan biranen duniya. Yawan jama'a kuwa ya zo da wahalarsa. Gidajen katako suka cunkushe, gobara ta yawaita, tsofaffin hanyoyin ruwa na Rumawa suka gaza. Ruwan sha ya yi tsada a hannun 'yan ga-ruwa, talaka shi ne ya fi jin jiki.

Sarki Sulaimanu ya ɗora wa Sinan neman mafita. Sinan ya fita dazuzzukan arewacin birni, ya bi sawun magudanan Rumawa da suka rushe, ya auna tudu da gangare. Wasu manyan fada suka ƙi aikin, a ganinsu in ruwa ya wadata baƙi za su ƙara tururuwa, ciyar da birni ya gagara. Sarki bai bi ra'ayinsu ba. Aka soma a 1554, aka jawo ruwa ta magudanai masu tsawon kimanin kilomita 55, yana gangarowa da kansa, yana ƙetare kwaruruka bisa dogayen kadarkai na dutse. A 1563 ambaliya ta rushe wasu daga cikinsu. Sinan bai karaya ba, ya sake gina su da ƙarfin da ya fi na da, ruwa ya isa unguwanni.

Haka kuma ya ɗauki ginin masallaci. Masallacin Sulaimaniyya, wanda ya gina daga 1550 zuwa 1557, ƙubbarsa ta kai mita 53 a tsayi, amma ba wurin salla kaɗai ba ne. A kewayensa akwai makarantu, da asibiti, da masaukin baƙi, da gidan wanka, da wurin dafa wa mabukata abinci, kuma an yi masa wakafi domin kada hidimar ta yanke. Da tsufansa ya gina masallacin Salimiyya a birnin Adirna, wanda masana ke ɗauka shi ne gwanintarsa mafi girma. Ayyukansa sun haura 300. Ya rasu a 1588, kabarinsa yana nan daura da Sulaimaniyya.

To, jama'a, garinmu ma yana ta bunƙasa, kowa kuma ya san yadda neman ruwa yake a sababbin unguwanni. Muna roƙon masu taimako, in an zo batun hasumiya da ƙubba, a tuna da rijiya, da wurin alwala, da magudanar da ba za ta cuci maƙwabta ba, da ajin yara, da abin da zai riƙe su bayan an gama gini.

Allah ya jiƙan Sinan, ya saka wa duk wanda ya sa hannu a wannan aiki da mafificin alheri, ya nuna mana ranar buɗewa lafiya. Amin.