Alexander Pushkin: Sha'irin Rasha da ake danganta asalinsa da gaɓar kogin Logone

Duk wanda ya taso a gari irin Kafanchan, inda jirgin ƙasa ya tara ƙabilu suka yi ta auratayya, ya san nauyin tambayar nan ta ina ne asalin mutum. Irin wannan tambaya ta bi Alexander Pushkin, wanda Rashawa ke ɗauka a matsayin uban adabinsu na zamani, tun daga ƙuruciya har kabari.

An haifi Pushkin a birnin Mosko ranar 6 ga Yunin 1799. Mahaifinsa ɗan tsohon gidan sarauta ne, mahaifiyarsa Nadezhda kuwa jika ce ga Abram Gannibal, wani Ba'afirke da aka sace yana yaro aka kai Istanbul, daga can aka miƙa shi fadar Sarki Peter Mai Girma a 1704. Sarkin ya riƙe shi tamkar ɗa, ya tura shi Faransa ya karanta injiniyancin soja. Kafin rasuwarsa a 1781, Gannibal ya kai muƙamin janar.

Abin da tattaɓa-kunnen nasa ya gada a fili shi ne suma mai murɗe-murɗe da fata mai ɗan duhu, kamannin da suka bambanta shi da abokansa a makarantar Tsarskoye Selo da ya shiga a 1811. An tsokane shi a kansu, amma bai ɓoye su ba. Yakan zana fuskarsa a gefen takardun rubutunsa, kuma hotonsa da mai zane Orest Kiprensky ya yi a 1827 ya fito da sumar yadda take.

A 1824 hukuma ta yi masa ɗaurin talala a Mikhailovskoye, gandun da Sarauniya Elizabeth ta bai wa Gannibal. A can ya nemi yayan kakansa, Pyotr, wani tsoho da ke zaune kusa, ya samo rubutaccen tarihin iyalin. Da shi ya fara wani ƙagaggen labari kan Gannibal a 1827, wanda bai kammala ba.

Gorin asali ya fito fili a 1830, lokacin da ɗan jarida Faddey Bulgarin ya yi habaici a jarida cewa da kwalbar giya aka sayi kakan wani sha'iri. Pushkin ya mayar da martani da waƙa kan nasabarsa, yana tunatar da masu gorin cewa yaron da suke rainawa a hannun sarki ya girma. Ya rasu ranar 10 ga Fabrairun 1837 yana da shekara 37, sakamakon raunin harbi a fito-na-fito da Georges d'Anthès.

Sai dai mutuwarsa ba ta rufe tambayar ba. A wata takardar koke ta 1742, Gannibal ya ambaci garinsu da suna mai kama da Logon. An daɗe ana cewa garin yana Habasha, shi ya sa akwai dandalin Pushkin a Addis Ababa da mutum-mutuminsa a Asmara. A 1996 masanin tarihi ɗan ƙasar Benin, Dieudonné Gnammankou, ya kawo hujjojin cewa Logone-Birni ne, garin Kotoko a arewacin Kamaru, kudu da Tafkin Chadi, maƙwabcin Borno, yankin da fataucin bayi ta Sahara ya yi wa ɓarna. Masana da dama sun karɓi wannan ra'ayi, wasu kuwa na nan kan batun Habasha.

Idan Gnammankou ya dace, to mutumin da yaran Rasha ke haddace waƙoƙinsa a makaranta yana da dangi a gaɓar Logone, waɗanda shi kansa ya mutu bai san da su ba.