NANA ASMA'U, UWAR 'YAN TARU

An haifi Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Ɗagel cikin shekarar 1793. Tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan. Tana da shekara goma sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu cikin 1804, saboda haka tun tana ƙarama ta ga yunwa da tashin gari da abin da yaƙi kan jawo wa mata da yara. A gidansu ta yi karatu, ta haddace Alƙur'ani, ta kuma iya rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Mijinta kuwa shi ne Giɗaɗo ɗan Laima, Wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Sa'ad da ƙura ta lafa, sai ga ƙauyuka cike da marayu, da matan da mazansu suka kwanta dama, da waɗanda aka kamo wajen yaƙi, ba karatu, ba mai jan su a jiki. Nana ba za ta iya zaga ƙauyukan nan duka ba. Dabarar da ta yi wajen 1830 ita ce, ta zaɓi dattijuwa mai mutunci daga kowane gari, ta naɗa ta Jaji. Fatake dai sun san jaji, watau mai shiga gaban ayari. Alamar naɗin ita ce malfa da jan ƙyalle.

Jaji ita ke jawo ayarin tsofaffin mata da 'yan mata zuwa Sakkwato. Masu goyo da hidimar miji su zauna gida, a komo musu da karatun. Su ne ake kira 'Yan Taru. Cikin waƙoƙi Nana ta shirya musu darussa don su yi sauƙin haddacewa, kan salla da tsarki da zaman aure da gaskiya cikin ciniki. In za su zo sukan riƙo sadakar hatsi da zuma da man shanu da zane, ita kuwa ta raba wa mabukata. In sun koma gida su yi jiyyar marasa lafiya, su wanke gawar mata, su share masallaci, su sasanta masu faɗa, su karantar da yara.

Ta rasu cikin 1864, aka rufe ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin.

To jama'a, mu da neman abinci ya kawo Kurmi, akwai abin dubawa a nan. Ko a Sabo ta Ibadan, ko Agege, ko Idi Araba, ba a rasa dattijuwar da matan unguwa ke jin maganarta. Da irinsu Nana ta yi aiki, da abin da ke hannun talakawa. Allah ya jiƙanta, amin.