Walter Dandy: Likitan da Ya Fara Matse Kumburin Jijiyar Ƙwaƙwalwa

'Yan uwa ɗalibai, a wannan makon mun kawo muku tarihin Walter Dandy, wani likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Amurka. An haife shi ranar 6 ga Afrilu, 1886, a garin Sedalia na jihar Missouri. Mahaifinsa ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Ya gama karatun likita a Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore a 1910, kuma a asibitinta ya yi aiki har ƙarshen rayuwarsa.

Akwai wata cuta da bangon jijiyar jini a ƙwaƙwalwa yake yin laushi, sai ya kumbura kamar balan-balan. Idan kumburin ya fashe, jini yana malala cikin kai, mutum na iya mutuwa nan take.

Ranar 23 ga Maris, 1937, Dandy ya yi wa wani mutum mai shekara 43 tiyata. Kumburin ya danne wata jijiyar idonsa har fatar idon ta rufe. Dandy ya buɗe ƙoƙon kansa, ya matse wuyan kumburin da ɗan ƙarfen azurfa mai baki kamar awartaki. Jini ya daina shiga kumburin, amma ya ci gaba da bin hanyarsa. Shi ne na farko da ya yi haka. Mutumin ya tashi, daga baya idonsa ya warke.

To amma wannan tiyata tana da haɗari har yau. Kumburin yakan fashe ana tsakiyar aiki. Ƙarfen yakan haɗa da ƙaramar jijiya mai lafiya ya matse, sai ɓarin jiki ya shanye ko magana ta sarƙe. Idan bai rufe wuyan duka ba, kumburin na iya dawowa. Wanda nasa ya riga ya fashe kuwa, jijiyoyinsa sukan tsuke bayan 'yan kwanaki, ko ruwa ya taru masa a ƙwaƙwalwa. Wasu kuma sukan kamu da farfaɗiya.

Ƙarfen da Dandy ya yi amfani da shi, idan an matse shi ba ya sake buɗuwa, saboda haka babu damar gyara. Likitocin da suka biyo bayansa sun ƙera masu buɗuwa da rufuwa, suka kuma fara aiki da madubin ƙara girman abu, sai haɗarin ya ragu.

A 1944 Dandy ya wallafa littafi a kan wannan cuta. Ya rasu ranar 19 ga Afrilu, 1946, sanadiyyar ciwon zuciya.

Darasin da muka ɗauka shi ne, wanda ya fara abu ba lalle ne ya kammala shi ba, na baya ne suke gyarawa. Kuma idan wani a gida ya ji ciwon kai mai tsanani ya sauko masa farat ɗaya, irin wanda bai taɓa ji ba, mu gaya wa manya a garzaya da shi asibiti.