Farfesa Olikoye Ransome-Kuti: Likitan da ya ƙi ɓoye gaskiyar ƙanjamau

A wannan makon mun waiwayi rayuwar wani likita daga maƙwabciyarmu Najeriya, wanda darasinsa ya shafe mu daga Birnin Konni zuwa Malbaza da Illela.

An haifi Olikoye Ransome-Kuti a ranar 30 ga Disamba, 1927, a garin Ijebu Ode. Mahaifiyarsa ita ce Funmilayo, shahararriyar mai fafutukar 'yancin mata. Ya yi karatun likita a birnin Dublin, ya ƙware a fannin lafiyar yara, har ya zama farfesa a Jami'ar Legas.

A 1985 Janar Ibrahim Babangida ya naɗa shi ministan lafiya, muƙamin da ya riƙe har 1992. Ya ba da ƙarfi ga ƙananan asibitocin karkara da rigakafin yara. A 1986 ya sanar da samun mutum na farko mai cutar ƙanjamau, wato sida, a Najeriya, alhali mutane da dama na ganin cutar Turawa ce kawai. A nan Nijar ma, a 1987 aka fara gano ta.

Jarrabawa mafi girma ta same shi a cikin gida. Ƙanensa, mawaƙi Fela Anikulapo Kuti, ya rasu a ranar 2 ga Agusta, 1997. A wancan zamanin iyalai kan fake da zazzaɓi ko sammu don gudun abin kunya. Shi kuwa Olikoye sai ya tara 'yan jarida ya faɗa wa duniya cewa ƙanjamau ce ta kashe ɗan'uwansa. Ya fifita ran jama'a a kan surutun mutane.

Abin da ya yi ta faɗakarwa a kai bai tsufa ba. Ƙwayar cutar na shiga jiki ta saduwa ba tare da kariya ba, da ƙarin jinin da ba a tantance ba, da allura ko aska ko reza da aka yi tarayya a kai. Uwa ma kan ba jaririnta a lokacin goyon ciki, haihuwa ko shayarwa. Musafaha, cin abinci a kwano ɗaya ko cizon sauro ba sa yaɗa ta.

Ido ba ya gane mai ɗauke da ita, gwaji ne kaɗai ke nunawa. Ɗigon jini daga yatsa ya isa, sakamako ya fito cikin kamar rabin awa. Wanda bai daɗe da shiga haɗari ba, sai ya sake gwaji bayan wata 3. Yau akwai maganin da ke danne ƙwayar, ya tsare miji ko mata da abin da ke ciki.

Olikoye ya rasu a Landan ranar 1 ga Yuni, 2003, yana da shekara 75. Gadon da ya bar mana shi ne mu daina ɓoyo, mu je gwaji kafin aure da lokacin awon ciki.