WILLIAM BOOTH, JANAR NA MARASA GALIHU

Ran da muka dawo daga hutu, motarmu ta iso tasha da asuba. Na ga yara kamar sa'o'ina kwance a gindin rumfuna, ba tabarma balle mayafi. Da na iso makaranta kuwa sai na tarar da 'yan ɗakinmu suna ƙorafi wai miyar jiya ba nama. Abin da ya sa ke nan na ga ya kamata in ba 'yan'uwana ɗalibai tarihin wani mutumin Ingila da na karanta a laburarenmu.

An haifi William Booth a Nottingham ran 10 ga Afrilu, 1829. Yana da shekara 13 ubansa ya karye, aka cire shi daga makaranta aka kai shi koyon aiki a kantin jingina. A nan ya riƙa ganin matalauta suna kawo tufafinsu jingina don su sami na abinci. Wajen shekara 15 ya duƙufa ga addininsa na Kirista, ya fara wa'azi a bakin titi. Ya koma Landan cikin 1849, ya auri Catherine Mumford cikin 1855, ita ma gwanar wa'azi ce.

Cikin 1865 ya yi wa'azi cikin wani tanti a wata tsohuwar maƙabarta a Whitechapel, watau unguwar talakawa ta gabashin Landan, inda cunkoso da yunwa da shan giya suka yi katutu. Mutanen nan ba su zuwa coci, don haka shi ya je musu. Nan da nan ya gane cewa da ruwan ciki akan ja na rijiya, mai jin yunwa ba ya sauraron wa'azi. Sai ya haɗa wa'azi da ciyarwa.

Cikin 1878 ƙungiyarsa ta ɗauki sunan Rundunar Ceto. Shi ne Janar, mabiyansa suna sa yunifom, suna zagaya gari da badujala. Ba su sha da daɗi ba. 'Yan iska sun jefe su da duwatsu da ruɓaɓɓen ƙwai, an kuma ɗaure waɗansunsu saboda wa'azin titi. Duk da haka suka buɗe gidajen kwana da na abinci mai araha.

Abin da ya fi burge ni shi ne zancen ashana. A zamanin nan ana yin ta da farin fosforos, wani sinadari mai guba da ke ruɓar da muƙamuƙin ma'aikata, yawancinsu mata. Cikin 1891 Booth ya buɗe tasa masana'anta, ya yi amfani da jan fosforos marar wannan illa, ya kuma ƙara musu lada. A shekarar ce kuma ya sayi gona a Hadleigh don koya wa marasa aiki noma.

Amma fa ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. An zarge shi da mulkin kama-karya, har ɗansa Ballington ya rabu da shi cikin 1896 ya kafa tasa ƙungiya a Amurka.

Booth ya makance a ƙarshen ransa, ya rasu ran 20 ga Agusta, 1912, yana da shekara 83. Mutum wajen 150,000 suka zo ganin gawarsa. Ɗansa Bramwell ya gaje shi, ƙungiyar kuma ta iso Ikko cikin 1920.

To, 'yan'uwa, shi an cire shi daga makaranta yana da shekara 13. Mu ga mu nan gwamnati tana ci da mu sau uku a rana, ga gado ga littattafai. Ko Musulmi ne kai ko Kirista, yaran tashan nan haƙƙinsu yana wuyanmu. Ina roƙon ƙungiyoyin makarantarmu su tattara tufafi da barguna da ba mu bukata, mu kai musu kafin hunturu ya shigo.