Samuel Ajayi Crowther

Samuel Ajayi Crowther (an haife shi a wajajen shekarar 1809, ya rasu ranar 31 ga Disamba 1891) malamin addinin Kirista ne kuma masanin harsuna, Bayarabe. Shi ne baƙar fata na farko da cocin Angilika ta naɗa bishop. Ya yi shekaru fiye da talatin yana jagorantar aikin mishan a gaɓar kogin Kwara, ciki har da Lakwaja da ƙasar Nufe. An san shi da haƙuri da sanyin hali wajen hulɗa da sarakunan Musulmi, da kuma lokacin rikicin da ya taso masa a ƙarshen rayuwarsa.

Farkon rayuwa

An haifi Ajayi a garin Osogun, cikin jihar Oyo ta yanzu. A shekarar 1821 mahara suka ci garin da yaƙi, suka kama shi tare da mahaifiyarsa da 'yan uwansa. An yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu har ya faɗa wurin fataken bayi 'yan Fotugal. A shekarar 1822 sojojin ruwan Ingila suka tare jirgin da ke ɗauke da shi, suka sauke bayin a Freetown ta ƙasar Saliyo. A can ya koyi karatu a hannun ƙungiyar mishan ta CMS. An yi masa baftisma a watan Disamba 1825, inda ya ɗauki sunan Samuel Crowther. A 1827 ya kasance cikin ɗaliban farko na makarantar Fourah Bay. Ya auri Asano, wadda ita ma 'yantacciyar baiwa ce. Herbert Macaulay jikansa ne ta wajen 'yarsa Abigail.

Aikinsa a kan harsuna

A 1841 Crowther ya shiga ayarin da gwamnatin Ingila ta tura kogin Kwara, tare da James Frederick Schön, Bajamushen da ya yi fice a nazarin Hausa. Zazzaɓi ya kashe Turawa da yawa a tafiyar, abin da ya sa CMS ta fahimci cewa 'yan Afirka ne za su iya aikin. An naɗa Crowther limamin coci a Landan a 1843, kuma a shekarar ya fitar da littafin kalmomin Yarbanci. A 1846 ya koma Abeokuta, inda ya sake haɗuwa da mahaifiyarsa bayan shekara 25 da rabuwa.

Ya dage a riƙa nuna karin sauti a rubutun Yarbanci, domin kalmomi da yawa karin ne kaɗai ke bambanta ma'anarsu. Shi ne jigon fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Yarbanci, wadda aka kammala a shekarun 1880. Ya kuma wallafa littafin koyon karatu na harshen Ibo a 1857, da na Nufanci a 1860, sannan nahawu da kalmomin Nufanci a 1864. Ranar 29 ga Yuni 1864 aka naɗa shi bishop a babbar majami'ar Canterbury, bisa ƙoƙarin Henry Venn, sakataren CMS.

Hulɗarsa da Musulmi

Crowther ya koyi darasi tun yana malamin makaranta a Saliyo. Ya ga wani yaro Musulmi da laya a wuya, sai ya tsinke ta. Uban yaron ya fusata, maganar ta kai ga muhawara da dattawan Musulmi. Crowther ya zo da hujjojinsa a shirye, amma aka tashi babu wanda ya sauya ra'ayi, sai ɓacin rai da ya ƙaru. Daga nan ya bar salon jayayya. Ya koma fara zance daga abin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi, kamar haihuwar Annabi Isa ɗan Maryamu da zuwan Mala'ika Jibrilu, kuma yakan bar nassin littafinsa ya ba da amsa maimakon ya kawo nasa sharhi.

Wannan hali ya yi masa amfani a Arewa. A 1857 jirgin ruwan Dayspring da yake ciki ya bugi dutse kusa da Jebba, sai ya yi watanni a yankin yana nazarin Nufanci yana kuma sabawa da mutane. Ya riƙa kai gaisuwa fadar Etsu Masaba a Bida, yana neman izini kafin ya kafa tasha, yana ba da kyautar Littafi Mai Tsarki na Larabci. A 1872 ya bi ta Ilori a hanyarsa ta zuwa Legas, aka yi masa tambayoyi a gaban sarki da malamai. Ya amsa ta hanyar karanto wurare daga Linjila cikin Yarbanci, kuma ya nuna musu cewa Kiristoci na yi wa masu mulkin ƙasar da suke zaune addu'a. An rabu cikin mutunci.

Amincin da ya samu ya bayyana a tsakiyar shekarun 1880, lokacin da Etsu Maliki na Nufe ya aika masa da wasiƙa, yana neman ya isar da kukansa ga Sarauniyar Ingila a hana shigo da barasa ƙasarsa. Mutanen da suka karɓi Kiristanci a ƙasar Nufe ba su da yawa, amma tashoshin mishan sun zauna a ƙarƙashin sarakunan Musulmi ba tare da kariyar soja ba.

A 1867 wani basarake mai suna Abokko ya tsare shi tare da ɗansa Dandeson a kusa da Idah, yana neman kuɗin fansa. An kuɓutar da su, amma mataimakin jakadan Ingila William Fell ya rasa ransa a wajen. Crowther ya ci gaba da zirga-zirga a kogin bayan haka.

Rikicin 1890

Bayan rasuwar Venn a 1873, ra'ayin cewa 'yan Afirka su jagoranci cocinsu ya yi rauni a CMS. A 1890 wasu matasan Turawa 'yan mishan suka iso, ciki har da Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson, waɗanda suka zauna a Lakwaja da nufin shiga ƙasar Hausa. Sun zargi ma'aikatan Crowther da lalacewar ɗabi'a da shagala da kasuwanci. A taron kwamitin kuɗi da aka yi a Anaca a watan Agusta 1890, aka dakatar da wasu limamai baƙaƙen fata a gaban bishop ɗinsu, har da ɗansa Dandeson.

Crowther, wanda a lokacin ya kai kimanin shekara 80, bai mayar da zagi ba. Ya nemi a kawo shaida kan kowane zargi, ya nuna cewa hukunta limami hurumin bishop ne, sannan ya ajiye shugabancin kwamitin. Jama'ar cocin Legas da na yankin Neja Delta sun fusata ƙwarai. Shi kuwa ya goyi bayan cocin Delta ta riƙe kanta da kuɗinta, amma ba tare da ɓallewa daga Angilika ba. An kafa wannan tsari a 1892 a ƙarƙashin Dandeson.

Masana tarihi sun bambanta kan wannan hali nasa. Wasu na ganin sassaucinsa ya sa bai tsawata wa ma'aikatan da suka yi laifi a kan lokaci ba, musamman da yake mazauninsa na Legas, nesa da tashoshin. Wasu kuma, kamar J. F. Ade Ajayi, sun danganta rikicin da sauyin ra'ayin Turawa game da baƙar fata a jajibirin mulkin mallaka.

Rasuwa da tunawa

Crowther ya gamu da shanyewar ɓarin jiki a 1891, ya rasu a Legas ranar ƙarshe ta shekarar. Bature aka naɗa ya gaje shi, kuma sai bayan kusan shekara 60 wani ɗan ƙasa ya sake riƙe cikakkiyar kujerar bishop ta Angilika a Najeriya. An fara binne shi a maƙabartar Ajele, daga baya aka mayar da ƙasusuwansa harabar majami'ar Christ Church da ke Marina. A 2014, wajen bikin cika shekara 150 da naɗinsa, Akbishop na Canterbury Justin Welby ya nemi gafara a bainar jama'a kan yadda cocin ta wulaƙanta shi. Jami'ar Ajayi Crowther da ke garin Oyo tana ɗauke da sunansa.